Wa ya taɓa fayil? Hanyoyin kama maguɗi a ƙananan na'urori da wadda ta dace da aikinka

Akwai wani foraj mai aiki da sola da muka sa wa na'urar ƙirga ruwa, tafiyar kusan awa uku a kan babur daga Tawa. Aikinta bai da yawa. Duk litar da ta fita daga tanki ta rubuta, da magariba ta aika jimilla ta SMS zuwa wayar ma'ajin kwamitin ruwa, shi kuma ya gwada da kuɗin da mai tsaron famfo ya kawo. Wata shida lissafi na tafiya daidai. Ana shiga bazara, lokacin da layin bido ya fi tsawo kuma dabbobi ke zuwa garke-garke, sai adadin ya fara raguwa, kuɗi ma suka ragu daidai da shi, alhali tanki na ƙarewa tun kafin la'asar.

Da muka je ni da yarona muka zaro katin memorin, cikin fayil ɗin saiti muka tarar da abin. Layi ɗaya ke gaya wa na'ura lita nawa ce duk bugu ɗaya na mita. Mun rubuta 1.0, muka tarar da 0.8. Babu kutse ta intanet, babu wata gwaninta. An kwance akwati, an zare kati, an sa a kwamfuta, an gyara lamba biyu, an mayar. A hanyar dawowa yaron ya ce, "Maigida, wace manhaja za mu sa da za ta riƙa gaya mana in an taɓa fayil?" Na ce masa ya bari mu isa gida, don amsar ta fi ƙarfin bayan babur.

Kafin a ɗaura kaya ana duba jakin da zai ɗauka. Tun da ban ruwa ta wayar salula ya shigo ƙasar nan, irin wanda Abdou Maman Kané ya yi suna da shi, ƙananan na'urori sun bazu daga gonakin albasa na Galmi zuwa fadamun Ƙonni da shagunan wifi na Yamai, kuma kusan duka iri uku ne. Akwai ƴan mitsi-mitsi irin ESP32, mai ƙwaƙwalwar aiki kilobayit 520 kacal, babu Linux a ciki, manhaja ɗaya ce dunƙule a ma'ajiyar filash. Akwai akwatunan wifi da ake sa wa OpenWrt, wani ɗan Linux da aka yi don irinsu, waɗanda galibi ma'ajiyarsu megabayit 16 ce ko kusa da haka. Sannan akwai Raspberry Pi, irin wanda muka sa a foraj ɗinmu, wanda ko ƙaraminsa Zero yana da megabayit 512, kuma komai nasa yana kan katin memori da yatsa biyu ke zarowa. Abin da ya dace da ɗaya zai iya durƙusar da ɗayan, ko ya zama kwalliya kawai.

Abin da kowa ke fara tunani shi ne duba girman fayil da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. Kyauta ne, ba ya cin wuta. Sai dai a namu foraj ɗin 1.0 da 0.8 tsawonsu ɗaya, girman fayil bai motsa ba. Ranar kuma umarnin touch na mayar da ita duk inda aka so, ga shi Raspberry Pi kafin samfurin 5 ba shi da agogon kansa, in ya tashi babu rezo bai san ranar da yake ciki ba. CRC32 ma tana cikin wannan sahun. Lamba ce ta bayit 4 da aka ƙera don kama kuskuren da ya faru da kansa, kuma ta iya wannan aikin sosai. Amma wanda ya san lissafinta zai canza fayil, ya daidaita bayit 4 a wani gefe, lambar ta dawo yadda take. Ina sa ta don sanin ko kati ya fara ruɓewa. Ba na sa ta don mutum.

Abin da masana ke kira hash, ni dangwale nake ce wa yarana. Fayil komai girmansa, lissafi zai fitar masa da gajeren tambari, in an canza ko ɗigo ɗaya tambarin ya sauya gaba ɗaya, kuma ba a iya ƙera wani fayil da zai ba da tambari iri ɗaya. Mutane na ɓata lokaci mai yawa a kan wane iri za su ɗauka, ni kuwa a nan nake fi saurin wucewa. MD5 ya karye tun 2004, lokacin da Wang Xiaoyun da abokan aikinta a Sin suka nuna fayiloli biyu masu dangwale ɗaya, kuma a 2012 muguwar manhajar Flame ta bi ta wannan ɓarakar ta ƙirƙiri takardar shaidar Microsoft ta bogi. SHA-1 ya bi shi a 2017 a hannun Google da cibiyar CWI ta Amsterdam. Gaskiya raunin nasu ya fi amfanar wanda shi ke shirya fayilolin biyu tun farko, amma ba ni da dalilin sayen kwaɗon da na san an taɓa ɓallewa alhali mai kyau kyauta ne.

SHA-256 na ba da bayit 32. Umarninsa, sha256sum, yana cikin BusyBox, tarin ƙananan umarnai na Linux, kenan yana kan kusan kowane akwatin wifi, ESP32 kuma yana da sashen da ke yin lissafinsa a jikin cip ɗin. BLAKE2s, wanda ya fito a 2012 kuma manhajar VPN ta WireGuard ke aiki da shi, ya fi sauri inda babu irin wannan sashen, kamar Raspberry Pi 4. Ascon shi hukumar NIST ta Amurka ta zaɓa a Fabrairun 2023 don na'urori marasa ƙarfi, amfaninsa ya fi fitowa ga mai ƙera cip ko mai ƙirga kowane bayit. In fayilolinka 500 ne, jerin dangwalensu bayit 16,000 ne, bai kai hoton waya ɗaya ba. Ɗauki SHA-256 ka wuce, don ba a nan matsalar take ba.

Matsalar ita ce inda jerin ke kwana, da wanda ke dubawa. A ce ka ɗauki dangwalen duk fayilolinka ka ajiye jerin a kan katin da fayilolin suke. Wanda ya zare kati ya gyara saiti, zai gyara jerin ma, aikin minti ɗaya ne. In ya ga dama ya gyara ita kanta manhajar da ke dubawa ta riƙa cewa lafiya lau har abada. An ba kura ajiyar nama kenan. Duk hanyoyin da suka rage, in ka kwance su, amsa ce daban-daban ga wannan tambaya ɗaya, kuma da ita ya kamata ka auna duk abin da za a tallata maka.

Tsofaffin masu gadi su ne Tripwire, wanda Gene Kim da Eugene Spafford suka rubuta a jami'ar Purdue a 1992, da AIDE da ya biyo baya a 1999. Suna ɗaukar hoton tsarin ranar da yake lafiya, dangwale da izini da mamallakin kowane fayil, sannan lokaci-lokaci su zagaya su gwada. A kan Raspberry Pi suna aiki, kuma rahotonsu na da daɗin karantawa, don suna faɗa maka wane fayil ne kuma me ya sauya a jikinsa. Tsadarsu biyu ce. Zagaye ɗaya na karanta katin kusan gaba ɗaya, in ka yi shi da tsakar ranar Afrilu cikin akwatin ƙarfe da rana ke duka, cip zai rage gudu don zafi, sauran aiki ya tsaya jira. Na biyu, tsakanin zagaye da zagaye ido a rufe yake. Mai wayo zai canza fayil da safe ya mayar da yamma. Kuma ma'ajiyar AIDE fayil ce kamar kowane, in ba ka kwafe ta zuwa wata kwamfuta ba ka koma gidan jiya.

Wazuh, wanda ya tsiro daga OSSEC a 2015, ya gyara wannan gefen. Ɗan aikensa na zaune a na'ura, amma jerin da ƙararrawar suna kan sabar ofis. Saitinsa na asali yana zagaye duk awa 12, ana kuma iya sa shi ya sa ido nan take a kan wasu manyan fayiloli. Ga ofis a Yamai mai na'urori hamsin da layin intanet tsayayye da mutumin da aikinsa kenan, wannan zaɓi ne mai kyau. Ga foraj da rezo ke zuwa sai iska ta kaɗa, kuma mega na fitowa daga kuɗin ruwa, ya yi nauyi. Ga ESP32 ba a ma maganarsa.

Akwai kuma inotify, kunnen da Linux ya samu tun 2005. Maimakon zagaye, tsarin ne ke taɓa ka da zarar an rubuta wani abu a fayil. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƴan layuka na rubutu sun isa ka haɗa shi da SMS. Ina son sa don kama kuskuren ma'aikaci ko wanda ya shigo ta kalmar sirri. Amma mai gadi ne da ke aiki sai na'ura na kunne. Wanda ya taɓa namu fayil ɗin sai da ya kashe ta tukuna.

To a bar jerin a na'ura amma a kulle shi, ba zai yiwu ba? Zai yiwu, ta hanya biyu da ake yawan cakuɗawa. HMAC, wanda aka ƙirƙira a 1996, dangwale ne da aka gauraya da makullin sirri, wanda bai da makullin ba zai iya fitar da na daidai ba. Yana da sauƙi da sauri, ko mafi ƙanƙantar cip zai yi shi. Illarsa, makullin da ke dubawa shi ne makullin da ke rubutawa, dole yana cikin na'urar. In a kan kati yake, an rataye makulli a jikin ƙofa. Yana da amfani ne in makullin na wurin da ba a karantawa, kamar ɗan cip ɗin ATECC608 na Microchip da ake haɗawa da waya biyu na I2C, ko sashen HMAC na ESP32-S3 da ESP32-C3 wanda ke aiki da makullin da aka ƙona a eFuse, wato ƴan fis na jikin cip, ba tare da ya nuna shi ga manhaja ba. Kuma kowace na'ura da nata makullin. In ɗaya ka raba wa duka, ranar da aka sace guda an sace duka.

Hanya ta biyu hatimi ne mai makulli biyu. Na sirri yana ofis, shi ke buga hatimi. Na fili yana na'ura, aikinsa tantancewa kawai, ko an sace shi ba a buga komai da shi. A Ed25519 makullin fili bayit 32 ne, hatimin bayit 64, kuma da shi OpenWrt ya daɗe yana tantance jerin manhajojinsa ta ƙaramin kayan aikin usign. Lissafinsa ya fi na HMAC nauyi, amma fayil ɗin saiti sau nawa ake dubawa? Sau ɗaya in na'ura ta tashi. Ga duk abin da ofis ke rubutawa na'ura ta karanta, wato saiti da farashi da sabuwar manhaja, hatimi ya fi HMAC nesa ba kusa ba. Ga abin da na'ura ke rubutawa ofis ya karanta, HMAC ya isa. Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba. Mai zare kati zai iya cire makullinka na fili ya sa nasa.

Kafin in kai ga maganin wannan, bari in tsaya kan akwatunan wifi, don suna da wata baiwa da masu shagon intanet da yawa ba su lura da ita ba. A yawancinsu OpenWrt na ajiye tsarin asali a SquashFS, wanda ba a rubutu a kansa, duk wani canji kuma yana sauka a gefe guda, cikin /overlay/upper. Kenan ba sai ka bi fayiloli dubu ba. Leƙa wannan wuri ɗaya, duk abin da aka ƙara ko aka gyara tun ranar girkawa yana nan a jere. Ka ɗauki dangwalensa ranar da ka gama saiti ka ajiye a wayarka. A 2018 masu bincike na Cisco Talos sun bayyana muguwar manhajar VPNFilter, wadda ta kama na'urori kusan 500,000 a ƙasashe 54, kuma abin da ya bambanta ta shi ne matakinta na farko ba ya mutuwa in an kashe an kunna, don tana rubuta kanta cikin jadawalin ayyukan na'ura. Irin wannan sawun ne leƙen ke kamawa. Raspberry Pi OS ma yana da zaɓin mayar da kati na karatu kawai a cikin raspi-config. Yana ceton kati daga ɗaukewar wuta, yana share abin da aka rubuta da zarar an sake kunnawa, amma bai san komai ba game da abin da aka yi wa katin a wata kwamfuta.

Mataki na sama shi ne dm-verity, wanda ya shiga Linux 3.4 a 2012 daga aikin Chrome OS, kuma shi ke tsare tsarin wayoyin Android da ke aljihunmu, tun Android 7.0 ma ba sassauci. Dabararsa ta burge ni tun ranar da na fahimce ta. Ana yanka ma'ajiya gunduwa-gunduwa, bayit 4096 kowace, a ɗauki dangwalen kowace gunduwa, a tara dangwalen 128 a gunduwa guda a sake ɗaukar nata, haka har sai an rage da guda ɗaya a can ƙoli, kamar salsalar dangi da ta koma ga kaka ɗaya. Babu zagaye. Duk gunduwar da aka zo karantawa a lokacin ake tantance ta, in ba ta dace ba tsarin ya ƙi miƙa ta. Wurin da bishiyar ke ci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kusan megabayit 8 ga gigabayit guda. Abin da zai ci maka shi ne lokacinka. Dole tsarin ya zama na karatu kawai, ka koyi gina hoton tsarin gaba ɗaya, wato kwafinsa dunƙule cikin fayil guda, da kayan aiki irin Buildroot ko Yocto, sabuntawa kuma ta koma maye hoto da hoto, ba gyaran fayil ɗaya daga nesa ta SSH da tsakar dare ba. Ƙanensa fs-verity, na Linux 5.4 a 2019, yana yin haka ga fayil ɗaiɗai a kan ext4 ko f2fs, ya fi sauƙin shiga in manyan fayiloli kaɗan kake son tsarewa.

Amma kakan nan na ƙoli, a ina yake kwana? A kan Raspberry Pi na yau da kullum yana ɓangaren tashi na katin, wanda FAT ne, kowace kwamfutar Windows na buɗe shi. Mai haƙuri zai gina nasa hoton da tasa bishiyar ya rubuta nasa kakan. Ya fi gyara 1.0 wuya sosai, kuma wannan ma riba ce, amma ƙofar ba ta rufu ba.

Abin da ke rufe ta shi ne tashi mai tantancewa, wanda takardun masu ƙera cip ke kira Secure Boot. A jikin cip akwai ƴar manhajar da aka gasa tun masana'anta, ba ta canzuwa. Kai kuma za ka ƙona dangwalen makullinka na fili a eFuse, ƴan fis ne da in sun ƙone ba sa dawowa. Daga ranar, cip ba zai tayar da komai ba sai mai hatiminka, shi kuma abin da ya tashi ya tantance na gaba da shi. A ESP32 samfuri na biyu na Secure Boot yana aiki da RSA mai bit 3072, yana buƙatar cip bugu na 3 zuwa sama, ana kuma haɗa shi da rufe filash da sirri don kada a karanta abin da ke ciki. Tsohon ESP8266 ba shi da wannan sam. Ga masu cip ɗin STM32 ko nRF akwai MCUboot mai yin irin wannan aikin. Raspberry Pi 4 da 5 suna da nasu, Zero da 3 babu.

Wannan ita ce hanya ɗaya tilo cikin duk waɗanda na ambata da ke tsayawa gaban mai sukudireba, kuma ita ce ta fi saurin zama gyaran gangar Auzinawa. In ka ƙona fis bakin alƙalami ya bushe. Makullin sirri ya ɓata tare da kwamfutar da aka sace a tasha? Na'urorin za su ci gaba da aiki, amma ba za ka ƙara sabunta ko ɗaya ba. ESP32 na asali makulli ɗaya yake karɓa, S2 da S3 da C3 suna karɓar uku, ana iya soke wanda ya fita. Ni na taɓa kashe alluna biyu a teburina kafin in iya jerin matakan, kuma gara a tebur da a daji. Makullinmu yanzu yana kan kile biyu da ba sa shiga kwamfuta mai intanet, ɗaya a shago ɗaya a gida.

Akwai tambayar da takardun waje ba su cika yi ba, mu kuwa ita ce ta farko. In dangwale bai dace ba, me na'ura za ta yi? A nan zafi na haura digiri 40 makonni a jere, wuta na ɗaukewa tsakiyar rubutu, katin da aka saya a bakin titi na iya zama jabu. A abin da na gani da idona, sau da yawa fayil ya lalace ne ba taɓa shi aka yi ba. Lissafi bai san bambanci ba, kai ne za ka sani. Lalacewa na barin shara, jerin sifili ko haruffan banza, tare da kukan kati a dmesg, littafin ƙorafin Linux. Hannun mutum kuwa tsaf yake barin wuri, lamba mai ma'ana a gurbin lamba mai ma'ana. Saboda haka na'urar da ke riƙe kuɗi ta tsaya cak in ta ga saɓani, ba laifi. Na'urar da ke kunna famfon gari kuwa, in ta ƙi tashi mutane ne za su kwana da ƙishi saboda bit ɗaya. Ita a ba ta hoto biyu, in ɗaya ya ƙi ta koma ɗayan ta aiko da saƙo. ESP32 yana da gurbi biyu na sabuntawa don haka, a Linux kuma RAUC ko SWUpdate ko Mender na yin aikin. Shi ma dm-verity ana iya ce masa ya rubuta ƙorafi kawai ya bar aiki ya ci gaba.

Duk wannan tsaron abin da ba ya canzawa ne. Littafin ƙirga kuwa kullum ƙaruwa yake, ba shi da dangwale tsayayye. Maganinsa sarƙa. Kowane sabon layi ya ɗauki dangwalen wanda ya gabace shi ya haɗa da nasa, ta yadda in an goge ko an gyara layin makon jiya duk na bayansa sun warware. Sharaɗin shi ne bakin sarƙar ya riƙa fita daga na'ura. Dangwalen SHA-256 haruffa 64 ne in an rubuta, SMS ɗaya na ɗaukar 160, ga wurin adadin lita ma ya rage. Ba ka buƙatar intanet. Da irin wannan hanyar ofis ke iya yi wa na'ura tambayar ba-zata, ya aiko da lambar da bai taɓa aikowa ba, ta gauraya ta da fayilolinta ta mayar da dangwale. Amsar jiya ba za ta yi aiki yau ba. Sai dai na'urar da aka riga aka mallake za ta iya ɓoye kwafin fayil na asali ta riƙa amsawa da shi, shi ya sa manyan tsare-tsare ke haɗa IMA, mai ɗaukar dangwalen fayiloli a cikin Linux, da TPM, cip ɗin tsaro da ke adana sakamakon. A ganina wannan ya wuce bukatar yawancinmu.

Kuma kada a ɗauka mai gadin fayil ya ga komai. Muguwar manhajar Mirai ta 2016, wadda ta durƙusar da kamfanin intanet na Dyn ranar 21 ga Oktoba, kuma wani reshenta ya dagula intanet ɗin Laberiya a ƙarshen shekarar, ba ta damu da fayilolinka ba. Ta Telnet, tsohuwar ƙofar shiga na'ura daga nesa, take shiga da jerin kalmomin sirri na masana'anta kusan 60, ta zauna a ƙwaƙwalwar aiki, ta goge fayil ɗinta. AIDE zai zagaya ya ce lafiya. Canza kalmar sirri da rufe Telnet sun fi duk abin da na lissafa arha, a fara da su.

In mai shagon wifi ne kai a Yamai, akwatinka na cikin ɗaki kana ganinsa, abokin gabarka ta waya zai zo. Leƙen /overlay/upper da jerin da ke wayarka, sau ɗaya a mako, ya wadatar. In Raspberry Pi ne a ofis ko asibiti mai ƙofa da mai gadi, kati na karatu kawai, da AIDE da dare lokacin sanyi, ma'ajiyarsa a wata kwamfuta. In sun yi yawa kuma akwai rezo, Wazuh. In na'ura za ta kwana ita kaɗai a daji kuma akwai wanda zai ci riba in ta yi ƙarya, duk abin da bai kai tashi mai tantancewa ba jinkirta ɓarawo kawai yake yi. Nan sai ka zaɓa tsakanin Pi 4 da dm-verity da makonnin koyo, ko ka tambayi kanka ko aikin ma na buƙatar Linux.

Namu bai buƙata ba. Ƙirga bugu da aika SMS ne. Muka cire Pi ɗin muka sa ESP32-S3, muka ƙona fis, muka rufe filash. Saiti na zuwa da hatimin ofis, littafi na tafiya a sarƙa, muka ƙara ɗan makunnin maganaɗisu a murfin akwati da ke ƙirga sau nawa aka buɗe, da kwaɗo mai kyau, wanda ya kamata a ce da shi muka fara. Wutar da sabuwar ke ci ma ba ta kama ƙafar ta tsohuwar ba, batir na kai safe da sauransa.

Kafin mu kai ta daji na ajiye ta a tebur na ce wa yaron, "Ga ta nan, kwana uku na ba ka, ka sa ta yi mini ƙarya." Ranar ta biyu da la'asar ya shigo yana murmushi. Bai karya hatimi ba, bai taɓa fis ba. Fayil ɗin saitin wani foraj ɗinmu ya ɗauko, wanda mitarsa ke ba da rabin lita a bugu ɗaya, ya tura mata. Hatimina ne a kai, na gaskiya, ta karɓa hannu bibbiyu ta fara ƙirga rabi.

"Maigida, hatimin ya ce kai ka rubuta," in ji shi, "amma bai ce wa ka rubuta wa ba."

Daren nan muka ƙara layi biyu cikin abin da ake buga wa hatimi: lambar MAC da kowane ESP32 ke zuwa da ita daga masana'anta, da lambar jeri da ba ta komawa baya, don kada tsohon saitin na'urar kanta ma ya dawo. Lambar jerin na fita a SMS ɗin magariba, ma'aji na kwafe ta a littafinsa kusa da adadin lita.